Ƙara wa RX 580 gudu, da abin da ya biyo baya a kan allo

3 ga Maris

Katin girafik ɗin ya shiga kwamfuta yau, RX 580 mai 8GB, na hannu. Kafin in taɓa komai GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, na fara buɗewa, don akwai wata 580 ɗin da ke yawo mai ƙananan injinan lissafi 2048 wadda ƙarfinta na RX 570 ne, ta ainihi 2304 gare ta. Nawa 2304 ya nuna alhamdulillahi. Cif 1340 MHz, memori GDDR5 a kan 2000 MHz, faɗin hanyarsa bit 256, wato 256 GB a sakan. Katin 2017 ne, kuma irinsa da yawa sun sha haƙar kuɗin kirifto na Ethereum dare da rana har zuwa Satumban 2022 da aka daina haƙarsa da katin girafik, to ban ɗauka cewa wannan hutawa ya yi ta yi ba.

Abin da ke kan tebur: monita babba 1080p mai 144 Hz, allon nau'in VA ne, a kan wayar DisplayPort, FreeSync ɗinta, wato tsarin da ke sa saurin monita ya bi firem ɗin da kati ke bayarwa, daga 48 zuwa 144. Sai tsohuwar monita mai 60 Hz a kan HDMI da nake ajiye burauza a kanta. Fawa saflai wat 550, waya ɗaya mai fin 8 ke shiga katin.

Na gudanar da Superposition, manhajar gwajin ƙarfin kati, ban canza komai ba. Makin da ya bayar na ɗauke shi a matsayin 100, duk abin da zan rubuta nan gaba da shi zan auna. Zafi ya kai digiri 83, kuma abin da ya ja hankalina shi ne cif ɗin ma ba ya tsayawa a 1340 ɗin da aka rubuta masa, yawo yake yi tsakanin 1270 da 1310.

5 ga Maris

Wanke direba kawai, wato manhajar da ke tafiyar da katin. DDU, manhajar goge tsohon direba, a cikin yanayin kariya na Windows, intanet a cire don kar Windows ya riga ni saka nasa, sannan na saka sabo. Maki bai motsa ba.

6 ga Maris

Ban ƙara ko MHz ɗaya ba yau, iyakar wutar kati kawai na ɗaga zuwa ƙarin kashi 50 wanda shi ne ƙarshen abin da setin ya yarda. Nan take cif ya tsaya cak a 1340 tun farkon gwaji har ƙarshe, maki ya koma 103. Wato dama can ba gudun ne ya gaza ba, wuta ake ƙayyade masa, da ya taɓa iyaka sai ya ja baya da kansa. Amma fa zafi ya hau 86 kuma ƙarar fanka ta kai inda ko da abin kunne a kunnena ina jin ta. A haka babu maganar ƙara gudu, sai an buɗe shi tukun.

8 ga Maris

Na buɗe kati. Sukurori huɗu masu sifirin a bayan cif, sai ƙanana a gefe, sai ɗan soket ɗin fanka da ke son a bi shi a hankali. Man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ya bushe ƙayau, yana ɓarewa gari-gari, gefe ɗaya na cif ɗin ma kusan babu komai a kansa. Na goge da sifirit da tsumma mara gashi har fuskar ta yi sheƙi, na shafa sabo. Ƙura tsakanin haƙoran ƙarfen kam ba a magana.

Matsalar da na tarar: faifan robar da ke kan ƙwayoyin memori takwas ɗin nan sun tsufa, biyu sun yage wajen ɗaga ƙarfen, suna fitar da wani maiƙo a kan allon katin. Ba ni da sababbi a hannu, kuma ba a saka su da ka, kauri ne da su daban-daban, in aka saka mai kauri fiye da kima sai ya ɗage ƙarfen daga kan cif a rasa abin da aka buɗe katin dominsa. Na haɗa yagaggun yadda suke na mayar. Za a dawo kansu.

Bayan haɗawa: digiri 73 a gwajin da shekaranjiya ya ba da 86. Man shafawa shi ne kuɗin farko da aikin ya ci.

9 ga Maris

Gem na awa biyu, lafiya lau. Babu abin rubutawa.

11 ga Maris

Ƙarin gudun cif. MHz 15 nake ƙarawa a kowane mataki a Afterburner, manhajar canza setin kati, in gudanar da gwaji, in duba allo da kyau ko akwai ɗige-ɗige ko walƙiyar launi, sannan in ƙara. Har 1400 boltej ɗinsa na asali 1150 mV ya ɗauke shi. Daga nan sai da na kai 1175. A 1430 ya wuce gwaji, a 1450 hoto ya ƙame, allo ya yi baƙi, ya dawo, gwajin ya rufe kansa. Na leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, ga shi nan lamba 4101, direban allo ya daina amsawa an farfaɗo da shi. Haka Windows yake, in kati ya yi sakan biyu bai amsa ba sai ya kashe direban ya sake tayar da shi maimakon kwamfutar gaba ɗaya ta mutu. Wannan lambar na riƙe ta, don ita ce shaidar cewa laifin cif ne.

Na sauko 1420 don a bar ɗan sarari. Maki 107. Ƙarin gudu kashi 6 ya ba da ƙarin maki kashi 4, zafi ya koma 79.

13 ga Maris

Memori. Nan ne abin ya fi ban sha'awa kuma nan ne mutum zai yaudari kansa da lamba in ba ya kallon maki. 2050, 2100, 2150 duk maki na hawa kaɗan-kaɗan. 2200 ya tsaya inda yake. 2250 babu ɗigo ko ɗaya a allo, babu ƙamewa, komai tsaf, amma maki ya sauka ƙasa da na 2150. Dalili shi ne GDDR5 yana da hanyar gane cewa bayanin da aka aiko ya lalace a hanya, in ya gane sai a sake aikowa, to ido ba ya ganin komai amma lokaci na tafiya wajen maimaici. HWiNFO, manhajar duba ma'aunan kwamfuta, yana da layin da ke ƙirga kurakuran memori a irin waɗannan katunan, a 2250 lambar gudu take yi ba tsayawa, a 2200 tana taruwa a hankali, a 2150 sifili cikin gajeren gwaji.

Na tsaya 2150, wato kusan 275 GB a sakan maimakon 256. Maki 110. Na kwanta ina jin an gama.

14 ga Maris

An fara. Ba a cikin gem ba fa, a kan tebur ɗin Windows kawai ina karatu, sai wani layi ya gifta a kwance a babbar monita, fizga ɗaya, kafin ka ce me ya ɓace. Sai in buɗe bidiyo ya sake yi, in ja taga daga wannan monita zuwa waccan ya sake yi, wani lokacin rabin allon na ƙasa ne ke tsalle gefe ya dawo. A cikin gem ko sau ɗaya bai yi ba, kuma wannan ne ya ɗaure min kai, don in ƙarin gudu ne ya yi yawa ai lokacin da kati ke shan wahala ya kamata ya nuna, ba lokacin da yake zaune ba.

16 ga Maris

Na mayar da cif 1340 da boltej ɗinsa na asali, na bar memori a 2150: ƙiftawa na nan. Na mayar da cif 1420, memori 2000: babu. To an ware cif gefe.

Na gwada memori a 2025 kawai, ƙarin da ba zai dami kowace ƙwayar memori ba, ita ma tana ƙiftawa daidai da 2150. Wato ba yawan gudun ba ne, taɓa shi ɗin ne. Na buɗe shafin ma'aunai na GPU-Z a ƙaramar monita na zauna ina kallon zanen gudun memori yayin da nake aiki a babbar. A setin asali layin a miƙe yake, 2000 ko da ba a yin komai. Da an taɓa memori sai layin ya koma hawa da sauka, 300, 2150, 300, 1000, 2150, kuma duk fizgar da na gani a allo sai na ga tsalle a zanen a daidai lokacin. Wallahi na ji daɗin ganin wannan fiye da makin 110 ɗin.

18 ga Maris

Yau karatu da lissafi ne, ban canza seti ba.

Memorin wannan kati matakai uku gare shi, 300, 1000 da 2000. In zai tashi daga wani mataki zuwa wani sai ya ɗan dakata da aiki, alhali kuwa daga cikinsa ake ɗebo hoton da ake turawa monita layi bayan layi. Saboda haka ana jira ne sai an gama tura hoto ɗaya, a ɗan hutun da ke tsakaninsa da na gaba, a yi canjin a nan ba wanda ya gani. In canjin ya faɗo a tsakiyar hoto shi ne layin da ke giftawa, kamar mai mota ya canza giya bai taka kuloci ba.

Na buɗe CRU, manhajar gyara setin monita, na duba tsawon hutun a kowace monita. Mai 60 Hz layuka 1125 take lissafawa, 1080 na hoto, 45 na hutu, kowane layi kusan maikurosakan 14.8, hutun ya kama 667. Mai 144 Hz layuka 1098 ne kacal, 18 na hutu, kowane layi 6.3, hutun gaba ɗaya bai wuce maikurosakan 114 ba. Ga gajarta, ga kuma monita biyu da kowacce ke hutunta a lokacinta daban, da wuya hutun su haɗu. Shi ya sa a setin asali direba ke barin memori a sama bai sauko da shi ba, ba lalacewa ba ce, da gangan ne. Yadda na fahimci nawa, da na saka sabon gudu ta manhajar waje sai wannan riƙon ya saki, matakan ƙasa suka buɗe.

Na kuma gane dalilin matse hutun. In aka bi CVT mai rage hutu, wata ƙa'idar tsara lokutan allo, wadda ke son aƙalla maikurosakan 460, 1080p a 144 Hz na buƙatar agogon fiksil, wato saurin tura ɗigon hoto, kusan 346 MHz, HDMI 1.4 kuwa a 340 ya tsaya. In aka matse zuwa 1098 sai ya sauko 325, ya shige. DisplayPort ba ruwansa da wannan matsin, yana da fili sosai.

20 ga Maris

Na cire setin memori daga Afterburner gaba ɗaya, na bar shi don kallon ma'auni a cikin gem kawai, manhaja biyu suna rubuta wa kati ɗaya seti ba ya haifar da ɗa mai ido. Na koma OverdriveNTool, wanda ke bari a kashe mataki ta danna sunansa. Na kashe na 300 da na 1000 a memori. Layi ya miƙe a 2150, ƙiftawa ta ɗauke ɗif, na yi ta jan taga tsakanin monitocin da gangan ina buɗe bidiyo ina rufewa, shiru.

Abin da aka biya: kati a zaune yana digiri 48 zuwa 50. Akwai wata lambar boltej a gefen kowane matakin memori, 750 a na ƙasa, 950 a na sama, ba ta ƙwayoyin memorin ba ce, ƙasan da boltej ɗin cif ba zai sauka ƙasa da shi ba ne. To in memori na sama, cif ma ba ya samun cikakken hutu. Kuma zafin ya faɗo daidai bakin inda fanka ke tashi, sai ta tashi ta yi minti ɗaya ta mutu, ta sake tashi, abin haushi da dare. Na kashe tsarin tsayawar fanka na bar ta tana juyawa a hankali kullum, ya zauna a 41 kuma ba a jin ta.

22 ga Maris

An gudu ba a tsira ba. Ina tsakiyar gem babbar monita ta yi baƙi ƙirin na kusan sakan biyu ta dawo. Zuciyata ta tafi kan 1420 kai tsaye. Amma da na natsu abubuwa uku ba su yi kama da na ranar 11 ba: sautin gem bai yanke ba, ƙaramar monita ko gezau, kuma da hoto ya dawo sai monitar ta nuna ɗan rubutun nan na DisplayPort a kusurwa, wanda take nunawa in an sa mata waya sabuwa. Event Viewer babu 4101. Gem ɗin ma bai san an yi ba, na dawo na tarar an kashe ni.

Wannan ba kati ba ne ya faɗi, sadarwa ce tsakanin kati da monita ta yanke suka sake gaisawa. Na sauke monitar zuwa 120 Hz, daren nan bai sake yi ba. Na mayar 144 na ɗan motsa wayar a bayan monita da hannu, baƙi. To.

Har yanzu ina mamakin yadda ya zaɓi wannan makon ya fito, wataƙila ciro kati da mayarwa da na yi ta yi ne ya sassauta kan wayar. Ba ta da maƙalli, irin wadda ake samu a cikin kwali ce, siririya, ba suna a jikinta.

24 ga Maris

Sabon kebul ya zo, gajere, mai shaidar VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar DisplayPort, mai maƙallin da sai an danna yake fita. Ya fi man shafawa tsada nesa, shi ne kashe kuɗi na biyu. Na zaɓi mai shaida ne saboda maganar fin na 20: ƙa'idar DisplayPort ta ce kebul na yau da kullum kar ya haɗa wannan fin ɗin don wutar 3.3 ce a kansa, wasu masu arha kuma suna haɗawa, sai wuta ta riƙa komowa cikin kati daga monita. 144 Hz, na girgiza wayar son raina, ko ƙyaftawa.

27 ga Maris

Kwanakin nan lafiya. Cif 1420, memori 2150 a kulle.

29 ga Maris

Iri na uku, kuma shi ya fi cin rai don ba ya barin shaida a ko'ina. Ba layi ba ne, ba baƙi ba ne, hasken allon ne ke numfashi, ya ɗan ƙaru ya ɗan ragu da sauri, an fi ganinsa a wuri mai duhu, musamman lokacin da gem ke loda sabon fili ko a cikin menu. Na mayar da komai na kati setin asali, yana nan. Na kashe FreeSync, ya ɓace. Na kunna, ya dawo. Kenan tun ranar farko yana nan, yanzu ne idona ya koyi farautar ƙiftawa.

Menu ɗin monitar na nuna saurin da take kai a kowane lokaci, na bar shi a buɗe. In firem na wasa tsakanin 90 da 130 lambar na bin sa a hankali, ba a ganin komai. Amma wajen lodi firem kan faɗi ƙasa da 48, monita kuma ba ta iya sauka ƙasa da nan, sai direba ya riƙa nuna kowane firem sau biyu, 47 ya zama 94 Hz. To in firem na rawa a bakin 48, monita na tsalle tsakanin 48 da 94 sau da yawa a cikin sakan ɗaya. Allon VA kuwa haskensa na ɗan bambanta tsakanin ƙaramin sauri da babba, saboda fiksil ya fi daɗewa riƙe da cajinsa kafin a sabunta shi. Bambancin ƙarami ne, amma in ana kai da komo ido na kama shi.

Ƙarin gudu ko raginsa ba abin da zai yi wa wannan.

1 ga Afrilu

CRU. Na ɗaga ƙasan FreeSync daga 48 zuwa 70. Ninka firem ɗin na aiki muddin saman ya kai ninki biyu na ƙasan, 144 kuma ya haura 140, to an tsira da kyar. Yanzu monita ba ta sauka yankin da hasken ya fi canzawa. Bayan ajiye seti sai a gudanar da restart64 da ke zuwa tare da shi, allo ya ɗauke ya dawo. Na ajiye reset-all, mai mayar da setin asali, a inda hannu zai kai ko da monita ta ƙi sabon setin.

Numfashin ya ragu sosai, bai tafi duka ba, a allon lodi mai duhu in na zuba ido ina ganin saura. Na kuma ƙayyade firem a 138 don kar ya riƙa fita ta sama. Zan iya zama da wannan.

3 ga Afrilu

Ɗan baƙin murabba'i na fitowa a burauza in bidiyo na tafiya a ƙaramar monita ana gem a babbar. Na karanta cewa tsarin da Windows ke jera tagogi hawa-hawa a kan kati ne ke kawo irinsa, ana kashe shi a rajistiri, ma'ajiyar setin Windows, ƙarƙashin Dwm da OverlayTestMode mai lamba 5. Na saka, na yi ristat, ban sake gani ba. Sau biyu kawai na taɓa ganinsa dama, don haka ba zan rantse cewa wannan ne ya gyara ba.

6 ga Afrilu

Na juya akalar aikin. 1420 a 1175 mV na ba da maki 110 amma zafi 79 da fanka mai ƙara, sai na ce bari in ga ta ɗaya ɓangaren. Wutar da cif ke ci tana bin boltej ne ninki a kan ninki, gudun kuwa sau ɗaya take bin sa, to rage boltej kaɗan ya fi rage gudu da yawa tasiri. Na saka 1380, na riƙa sauke matakin ƙarshe mV 25 a lokaci guda, tare da daidaita matakan da ke ƙasa da shi don kar wani ya fi na sama boltej. 1100 lafiya. 1075 lafiya. 1050 ya wuce Superposition amma a gem ya ba ni 4101 kafin rabin awa. Na koma 1075.

A lissafi daga 1175 zuwa 1075 tare da ragin MHz 40 ya kamata wuta ta ragu kusan kashi 19, abin da GPU-Z ya nuna bai yi nisa da haka ba, duk da cewa shi wutar cif kaɗai yake nunawa ban da memori da sauran kati. Maki 108. Zafi 68. Fanka ta koma inda ba ta shiga kunne. Maki biyu na bayar, wanda a gem mai firem 90 bai kai firem biyu ba, na karɓi digiri 11 da shiru. A ganina duk mai irin wannan kati nan ya kamata ya fara, kafin ya je neman 1450.

9 ga Afrilu

Da safe na kunna kwamfuta layin nan na 14 ga Maris ya gifta. Na duba, setin ya koma rabi da rabi, matakan memori na ƙasa sun buɗe. In na yi ristat yana zama daidai, in na kashe na kunna ne yake warwarewa. Fast Startup na Windows ne, ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, ajiye yanayin direba yake yi ya dawo da shi. Na kashe shi a setin wuta, na kuma sa OverdriveNTool ya riƙa saka setin da kansa jim kaɗan bayan an shiga Windows ta Task Scheduler. Tashin kwamfuta ya ƙara 'yan sakanni.

12 ga Afrilu

Gwajin son sani. Na cire ƙaramar monita, na buɗe matakan memori duka, na shiga CRU na ƙara wa 144 Hz hutu, layuka 1157 maimakon 1098, agogon fiksil ya hau 346 da ɗoriya, hutun ya kai kusan maikurosakan 460. Monita ta karɓa ba gardama. Memori ya sauka 300 a zaune, yana hawa in an buɗe bidiyo yana sauka in an rufe, kuma babu layi ko ɗaya, zafin zama 34. Wannan ya tabbatar min da lissafin ranar 18 fiye da duk abin da na karanta.

Na mayar da ƙaramar monita, sai direba da kansa ya riƙe memori a sama mafi yawan lokaci, amma sau ɗaya na ga ya sauka kuma na ga fizga. Monita biyu nake buƙata don aiki, saboda haka kullen ya dawo. Setin 1157 ɗin na bar shi tunda ba ya cutar da komai.

16 ga Afrilu

Doguwar zama yau, gem mai nauyi sama da awa uku, HWiNFO a buɗe a gefe. Awa ta farko kurakuran memori sifili. Daga nan suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, zuwa ƙarshe sun taru da dama. Gajeren gwaji ba ya kama wannan don sai ƙwayoyin sun jiƙu da zafi tukun, kuma katin ba shi da ma'aunin zafin memori da zan duba, na cif kaɗai yake bayarwa. Hankalina ya koma kan faifan robar nan biyu da suka yage. Akwai kuma yiwuwar mai katin na da ya matse lokutan memori a BIOS, manhajar da ke cikin katin kansa, kamar yadda masu haƙa ke yi, wanda ke sa memori ya gaji da wuri in an ƙara masa gudu.

Na sauke zuwa 2100, na sake zama mai tsawo iri ɗaya: sifili. Maki 107 da ɗan kai.

19 ga Afrilu

Inda aka tsaya: cif 1380 a 1075 mV, memori 2100 a kulle a matakin sama, iyakar wuta na sauke ta zuwa ƙarin kashi 20 tunda yanzu ba ya kusantar ta, fanka ba ta tsayawa, FreeSync 70 zuwa 144, firem a ƙayyade 138. Zafi 68 a gem, 41 a zaune. Abin da aka saya: man shafawa da kebul, sai faifan roba da na yi oda yau, kauri biyu, milimita 1 da 1.5, don sai na auna tsofaffin a inda ba su matse ba zan san wanda ya dace.

In sun iso zan sake buɗe katin, wanda ke nufin sabon mai a kan cif kuma. Kafin nan zan ajiye kwafin BIOS ɗin da GPU-Z in gwada shi da na asalin wannan samfurin, in lokutan memori sun bambanta sai in yi tunanin mayar da na asali, amma ba zan taɓa wannan ba sai na tabbatar katin na da makunnin BIOS na biyu da zan koma kansa in abu ya lalace. Bayan faifan zan sake gwada 2150 da zaman awa uku, in kurakurai suka fito ko guda ɗaya 2100 ce ta zauna.